Na'urar Nababa da Gorar Malam Sale

Ranar da Nababa ya miƙe a taron mazauna rukunin gidajenmu na Kurudu ya ce zai kori ƙishirwa daga unguwar har abada, babu mai jin ƙishirwa a cikinmu. Shekara goma sha ɗaya muna shan ruwa lafiya lau. Muna da rijiyar burtsatse, da tankin ƙarfe mai zurfin mita uku a kan dogayen ƙafafu, da kuma Malam Sale.

Malam Sale dattijo ne daga wani ƙauye can wajen Gumel, aikinsa ke nan, ruwa. Yana da wata doguwar gora da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. Safe da yamma zai hau tsani ya zura ta cikin tanki, ya duba inda ta jiƙe, ya sauko ya kunna inji ko ya kashe. Ɗakinsa na manne da ɗakin injin. A nan katifarsa take da rediyonsa, kuma da wannan aikin yake ciyar da mutum tara a gida.

Nababa kuwa ma'aikaci ne a sashen kwamfuta na wata ma'aikatar tarayya. Ainihin aikinsa sauya tawadar firinta ne da gaya wa manya su kashe su sake kunnawa. Sai ya yi wani kwas na sati shida a intanet, daga ranar ya daina amsa sallamar duk wanda bai ce masa Injiniya ba.

Ya ce, "Jama'a, muna babban birnin tarayya, amma gora ke mulkin ruwanmu. Gora fa. In baƙo ya zo daga Maitama, me za mu ce masa?"

Madam Christina mai zoɓo ta ce, "Mu ce masa ga ruwa, ya sha."

Bai ko kalle ta ba. Ya ce zai ɗora wata 'yar na'ura a murfin tanki ta riƙa auna zurfin ruwa, tana aika lambar ta waya zuwa wani akwati a ɗakin inji. In ruwa ya yi ƙasa da santimita ɗari, akwatin ya kunna inji. In ya haura ɗari biyu da hamsin, ya kashe. Ɗakin Malam Sale kuma zai zama cibiyar sarrafawa, da kujera mai juyawa.

Shugabanmu, Alhaji Yelwa, tsohon mataimakin darakta ne, kuma duk abin da aka ce na zamani ne yana kashe masa jiki. Aka yanke cewa a gwada na kwana talatin. In na'ura ta kai ranar ƙaddamarwa tana aiki, Malam Sale ya miƙa makullin ɗaki, a sallame shi da godiya. Ni ne sakatare, ni na rubuta wannan hukunci, kuma har da ni aka ɗaga hannu. Ina jin kunyar abin har yau.

Da aka gaya wa Malam Sale, cewa kawai ya yi, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya ɗauki gorarsa ya hau tsani.

Ranar Asabar aka yi gwajin farko. Malam Sale ya cika tanki da safe. Nababa ya jona wayoyinsa, allon akwatin ya yi walƙiya ya nuna 257. Aka zura gora aka auna jiƙar da tef ɗin tela, santimita ɗari biyu da hamsin da bakwai cif. Nababa ya juyo yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk mai tambaya ya yi yanzu, don nan gaba sai da takardar neman izini.

A nan Kauthar ta iso. Ƙanwar matarsa Zuhra ce, tana zaune a Gwagwalada, kuma aikinta rubuta wa mitocin wuta umarnin da suke bi. Tsakaninta da Nababa akwai wasan nan na miji da ƙanwar mata, sun kuma kai shi ƙarshe. Ita ce ta zuba masa gishiri a shayi a satin aurensa. Ita ce ta taɓa kiransa ta ce an yi masa ƙarin girma, har ya sayi rago. Saboda haka in Kauthar ta ce masa gari ya waye, sai ya leƙa taga.

Ta dubi 'yar na'urar da ya yi oda sabuwa, ta dubi tsohon akwatin da ya tsinto a kayan gwanjo a Mararaba, ta karɓi kwamfutarsa ta karanta abin da ya rubuta musu. Sai ta fara dariya.

"Yaya Injiniya, lambar nan ta cuce ka."

"An fara. Malama Sani-duka ta iso."

"Tsaya ka ji. Na'ura ba ta riƙe lamba dunƙule, gurbi-gurbi take zuba ta, kuma gurbi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da ɗari biyu da hamsin da biyar. Ka ɗauka mudu ne da buhu, mudu ɗari biyu da hamsin da shida ke cika buhu guda. Ta saman tanki mudu take fara faɗa sannan buhu. Tsohon akwatinka kuma buhu yake jira tukuna sannan mudu. Yau ruwanka buhu ɗaya ne da mudu ɗaya, ko ta kai ka karanta ko ta wutsiya, ɗaya da ɗaya ne. Gobe fa?"

Nababa ya dube mu yana murmushi. "Kun ji ko? Ina maganar fasaha, ita tana auna hatsi. Je ki kicin, yayarki na nemanki."

Muka yi dariya, don mu ma wasa muka ɗauka.

Kwana huɗu abin ya yi aiki, kuma daga baya ne Kauthar ta fahimtar da ni dalili. Da ruwa ya ragu da santimita ɗaya ya koma buhu ɗaya ba mudu, sai akwatin ya karanta a juye ya ga mudu ɗaya tal. Sai ya firgita ya kunna inji. Ruwa na komawa 257 ya kashe. Haka injin ya wuni yana tashi yana mutuwa kamar mai tari. Malam Sale ya ce injin nan fa yana shan wahala. Nababa ya ce numfashi yake yi, haka na Turai suke. Ya cire makunnin hannu gaba ɗaya don kada a yi masa zagon ƙasa, ya danna wa ɗakin injin kwado.

Rana ta biyar aka ɗauke wuta tun hantsi, ba a dawo da ita ba sai la'asar, ga shi ranar mata sun yi wanki. Ruwa ya sauka zuwa ɗari biyu. Da wuta ta dawo, allo ya nuna 51200, inji kuwa ya yi gum.

Alhaji Yelwa ya gyara tabarau ya ce, "Injiniya, wannan fa ya haura mita ɗari biyar. Tankinmu ya fi Dutsen Zuma ke nan?"

"Ranka ya daɗe, sistem ɗin yana lissafa har da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa."

"To ya turo mana shi mana."

Bai turo ba. Kashegari tanki ya ƙafe ƙaƙaf. Da ya kai sifili, wanda shi ma ko ta ina ka karanta sifili ne, sai inji ya tashi, muka yi hamdala. Ruwa na hawa santimita ɗaya akwatin ya ga buhu guda, ya ce ya isa, ya kashe. Gida arba'in muka koma rabon santimita ɗaya. Layin bokitai ya kai bakin ƙofa. Da idona na ga Alhaji Yelwa yana taimama a gindin tankin da allo ya rantse ya cika ya batse.

Madam Christina ta tare Nababa da bokiti a kowane hannu. "Oga Injiniya, wannan injin naka ta mutu ne ko tana azumi? Zoɓo na kwana biyu ban dafa ba. Abeg, ka ba Baba Sale makulli."

"Madam, kowane juyin juya hali yana da 'yan kwanakin wahala."

"Juyi ka juya kanka. Yara na sun tafi makaranta ba wanka."

Malam Sale kuwa bai zauna ba. Mutumin da muke shirin kora shi ya taka har bakin titi ya kirawo 'yan garuwa mutanen garinsu, ya riƙa nuna musu gidajen tsofaffi da masu jego su fara da su.

Nababa ya kwana biyu yana bincike, ya fito da sakamako: maƙiya ne ke shiga wayarsa suna ɓata saƙo. Maganin abin shi ne hatimi. Ya umarci na'urar sama ta riƙa sa harafin farko na sunansa a gaban kowane saƙo, ya umarci akwatin ƙasa kada ya karɓi saƙon da ba shi da wannan harafi. Ya danna maɓalli.

Allo ya nuna 1. Inji ya tashi. Allo ya nuna 2, ya nuna 3, ya ci gaba da hawa tiryan-tiryan har 251, inji ya tsaya da kansa. Aka zura gora, daidai. Kashegari ma daidai. Har aka ɗauke wuta aka dawo, daidai.

Abin nema ya samu. Nababa ya ce shi kansa bai san sunansa na da albarka haka ba, amma mahaifiyarsa ta sha faɗa. Ya sa aka buga masa kati mai hoton tanki. Ya fara gaisawa da mutane da 'yan yatsu biyu. Ya zo da tef ya auna ɗakin Malam Sale, mai ɗakin na zaune a ciki yana cin tuwo, har yana ce masa ya ɗan matsa.

Da Kauthar ta dawo Asabar ta gaba ta sake karanta abin da ya rubuta, wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Yaya, kuskure biyu ne suka yi karo, kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Na'urar sama tana jera gurabenta biyu-biyu ne, kamar takalma a bakin masallaci. Harafinka gurbi ɗaya ya ci, ita kuma ba ta yarda ta raba mudu da buhu a jeri daban-daban, sai ta bar gurbi guda fanko bayan harafin, sannan ta sa mudu da buhu. Akwatinka bai san da fankon ba. Yana ɗaukar fankon a matsayin buhu, ya ɗauki mudu a matsayin mudu, buhun gaskiya kuwa bai taɓa ganinsa ba. Muddin ruwa bai cika buhu ba za ka ga daidai. Kada ka kuskura ka bari ya wuce ɗari biyu da hamsin da biyar."

"In ya wuce fa, aljanu za su fito?"

"Zai koma sifili, ya yi ta ɗura ruwa. Ka ba ni minti goma in gyara maka, ba wanda zai sani. Wallahi yau ba wasa nake ba."

"Haka kika ce ranar rago."

"Yaya Nababa."

"Har da kiran suna? Lallai abin ya yi miki ciwo. Hassada ga mai rabo taki ce."

Ta zo ta same ni ta maimaita, na kai maganar gaban Alhaji Yelwa. Alhaji ya buɗe famfon tsakar gidansa, ruwa ya zubo shaa, ya ce shi abin da ya sani ke nan. Ya ƙara da cewa tsakanin mutum da ƙanwar matarsa mai hankali ba ya shiga, kunya zai sha.

Gargaɗin nan kuwa shi ya tunzura Nababa. Tunda Kauthar ta ce kada a wuce ɗari biyu da hamsin da biyar, to ranar ƙaddamarwa har ɗari biyu da casa'in za a kai, a gaban jama'a, ita ma a ba ta kujerar gaba.

Ranar ta zo, Asabar da hantsi. Aka kafa rumfuna a gindin tanki saboda inuwa. Madam Christina ta jera manyan kuloli na dafa-duka da zoɓo. Nababa ya gayyato daraktansu na ofis, wani mai farar shadda da ta sha bugu. An jona ƙatuwar talabijin tana nuna lamba. A gefe Malam Sale na tsaye bakin ɗakinsa, ya ɗaure katifa da igiya, ya cusa kayansa a jakar gana-masgo, ya kulle ƙofa, makulli na hannunsa. Tsarin shi ne allo na nuna 290, inji na tsayawa, sai ya taka ya miƙa wa Injiniya makulli a yi tafi. Na kasa haɗa ido da shi.

Kauthar ta ƙi kujerar gaba. Ta ja kujera can wajen katanga, ta buɗe lema alhali babu ko gajimare.

Nababa ya karɓi lasifika allo na nuna ɗari biyu da arba'in. Ya fara da tarihin haihuwarsa. Yana aji uku na firamare allo ya kai ɗari biyu da hamsin, ya dakata ya ce jama'a su taya shi ƙirga. Muka taya shi. Hamsin da uku. Hamsin da huɗu. Hamsin da biyar.

Allo ya nuna 0.

Inji kuwa na ta ƙugi. Darakta ya ce, "Nababa, ruwan ya ƙare ne?"

"A'a, yallaɓai. Girmamawa ce. In babban baƙo na wuri, sistem ɗin yakan fara ƙirga daga farko."

Wasu har sun tafa. Allo ya nuna 1, ya nuna 2, Nababa ya koma kan jawabinsa, amma muryarsa ta sirance, yana magana yana satar kallon sama. Ya tsallake sakandare gaba ɗaya. Ya buɗe kwamfuta yana danne-danne da hannu ɗaya. Daga bakin katanga Kauthar ta ce, "Yaya Injiniya, a arba'in da huɗu tanki zai cika. Ina ba ka shawara ka gajarta."

"Kun ji ta ko? Ko a taro ba ta bari."

Tanki yana da bututun da rarar ruwa ke bi ya sauka kwata. Tun ranar farko ta cikinsa Nababa ya zura wayarsa, ya toshe bakin da gam don kada ƙadangaru su shiga. A arba'in da biyar muka ji murfi ya yi ƙara. A arba'in da shida ruwa ya sauko.

Ba yayyafi ba, ruwa ne daga tsayin bene biyu. Rumfar manyan baƙi ta cika ta yi tumbi, ta juye kan Darakta da Alhaji Yelwa a lokaci guda. Kular zoɓo ta kife, farar shadda ta koma ja daga gwiwa zuwa ƙasa. Madam Christina ta rungume kular shinkafa tana gudu tana tsine wa juyin juya hali. Kwamfutar Nababa ta yi ɗif. Talabijin kuwa, da yake tana ƙarƙashin baranda, ta ci gaba da sanar da mu cikin natsuwa cewa ruwan tanki bai kai ko gwiwa ba.

Alhaji ya ce a kashe inji. Nababa ya ruga ya buɗe kwado, ya tsaya yana kallon ramin da makunni yake a da, wanda shi da kansa ya cire. Ya fizge wayar akwati, akwatin ya riƙe umarnin ƙarshe da ya samu, inji ya ci gaba. Tun da nake a Abuja ban taɓa jin an roƙi Allah a ɗauke wuta ba sai ranar, kuma ranar ce wutar ta zauna daram.

Sai Malam Sale ya tako cikin ruwan a hankali, ya tsaya gaban Alhaji Yelwa ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, babban fis ɗin da ke ba injin wuta yana ɗakina, bayan ƙofa. Shi ya sa tun farko aka ajiye ni a nan."

"To me kake jira, Malam Sale? Je ka cire."

Ya ɗaga makullin. "Abin da ban gane ba ke nan. Ɗakin nawa ne, ko na Injiniya? Kada in shiga ɗakin mutane ba izini."

Ruwa na zuba ta hular Alhaji yana bi ta gemunsa. Ya ce, "Naka ne."

"Na yau kaɗai?"

"Naka ne har ranar da ka gaji da mu."

Malam Sale ya waiwayo ya dube ni. "Sakatare ne ya rubuta waccan. Ko zai rubuta wannan ma?"

Littafin ya jiƙe, biro na yaga takarda, amma ban taɓa rubuta abu da daɗin rai irin wannan ba. Ya jira na karanta masa da ƙarfi, sannan ya buɗe ƙofa ya shiga. Inji ya yi shiru.

Darakta ya matse bakin rigarsa, ya ce wa Nababa ranar Litinin firintar ofishinsa na bukatar tawada. Nababa ya tsaya tsamo-tsamo, sannan ya juya wajen Kauthar da ke naɗe lemarta.

"Ke ma da laifinki. Me ya hana ki gaya mini da gaske?"

"Na rantse maka fa, Yaya."

"Ai da fuskar wasa kika rantse."

Da yamma ta zauna ta yi gyaran. Ta sa na'urorin biyu suka yarda buhu ne gaba sannan mudu, ta hana ta sama barin fanko, ta mayar da makunnin hannu. Minti goma ɗin da ta ce ne, har da shan shayi, wanda Nababa ya haɗa mata da kansa, ita kuma ta ƙi kurɓa sai da ya fara ɗanɗanawa. Kwamiti ya yanke cewa akwatin ya riƙa nuna lamba kawai, kunnawa da kashewa na mai ɗaki ne.

Nababa bai rusuna ba. Na ji a ofis yana cewa ya ƙirƙiro sistem mai ƙarfin da sai da aka ɗaukar masa mai lura na musamman.

Mai lurar yana nan. Kullum da safe zai hau tsani ya zura gora, ya sauko ya tsaya gaban allo ya gwada da tsagar da ta jiƙe. Jiya ina wucewa na ce, "Malam Sale, ya na'ura?"

Ya goge gorar da gefen rigarsa ya jingine ta. Ya ce, "Tana ƙoƙari. Yau ma ta faɗi daidai."